Mene ne "tusky", kuma me ya sa ake girbinsa da kyandir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kula da tsofaffi a kusa da Leeds, a Ingila. Wata tsohuwa takan ba ni labarin yadda suke dangwala "tusky" a sukari suna yara, da yadda mahaifinta ke girbinsa cikin duhu da kyandir. Na duba ƙaramin ƙamus ban ga kalmar ba. Wane abu ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kalmar ta karin harshen Yorkshire ce, yankin arewacin Ingila da Leeds ke ciki, shi ya sa ba ki same ta ba. Rubab take nufi, wani tsiron ƙasashen sanyi mai jan kara, wanda tsaminsa zai tuna miki yakuwa. Sai dai ki kula, karan kawai ake ci. Ganyen yana da guba, kada a yi masa kallon ganyen miya.

Maganar kyandir kuwa gaskiya ta faɗa miki, kuma har yau haka ake yi tsakanin garuruwan Wakefield da Morley da Rothwell, nan kusa da Leeds. Aikin yana farawa ne a gona. Shekara biyu ake barin saiwar ba a cire ko kara ɗaya, don ta tara abinci ta yi ƙiba. Takin da aka saba zuba mata shi suke kira "shoddy", wato tarkacen ulu daga masaƙun yankin. A bakin sauran Turawa kalmar tana nufin kaya marar inganci, amma a wajen manomin rubab taki ne mai daraja, domin a hankali yake ruɓewa yana ciyar da ƙasa.

Wajen watan Nuwamba sai a jira sanyi mai daskarar da ƙasa ya daki saiwar sosai. A nan mai garaje ke yin asara, don idan aka tone ta sanyin bai ishe ta ba, karan zai fito siriri kuma kaɗan. In ya ishe ta, sai a tone, a kai dogayen rumfuna masu gajeren rufi da ba su da taga, a jera a ƙasa, a wanke, a riƙa ba ta ruwa. Ana ɗumama rumfar zuwa kusan digiri 13 a ma'aunin Celsius, a da da kwal, tunda ma'adinansa na nan kusa. Saiwar sai ta ɗauka bazara ta yi, ta miƙe neman haske da abincin da ta tara. Karan ya fito da laushi, ja-ja mai ɗaukar ido, da ɗan mitsitsin ganye ruwan ɗorawa a kai. Idan rumfar ta yi tsit, ana jin ƙarar fashewar tohon.

Haske mai ƙarfi shi ke ɓata wannan aikin, domin karan zai koma kore, ya yi tauri, tsami ya ƙaru. Dalilin kyandir ke nan. Kuma ba a sa wuƙa. Ana zura yatsa har gindin karan, a murɗa, a ja, saboda guntun da wuƙa ta bari yakan ruɓe ya kama sauran. Daga Janairu zuwa Maris ake girbi, daga nan saiwar ta ƙare, ba ta da sauran ƙarfi.

Tun 1877 aka soma wannan noma a Yorkshire. A lokacin da yake tashe, jirgin ƙasa na musamman kan tashi daga tashar Ardsley da ke yankin da dare ya kai kayan kasuwannin Landan, har farkon shekarun 1960. Manoman sun ragu ƙwarai, abin da ciwo, duk da cewa a 2010 Tarayyar Turai ta ba sunan rubab ɗin kariya.

In kina so ki faranta wa tsohuwar, nemi na rumfa a watan Fabrairu. Yanka giram 400, ki sa sukari kamar giram 80 da ruwa cokali biyu, ki dafa a ƙaramar wuta minti biyar zuwa takwas. Kada ki dafa a tukunyar alminiyam, tsamin yana cin ta. In kuma likita ya hana ta sukari, ki fara tambaya tukuna.