Kafin ka sayi kamshaf na tsere, duba girman turbon motarka

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da safe don in amsa a natse. Ka ce kana da Golf 4 mai injin 1.8T, ba a taɓa buɗe injin ba, turbon ma na kamfani ne, kuma wani ya yi maka tallan kamshaf na tsere guda biyu, kana so ka ji ko motar za ta ƙara ƙarfi. Kada ka saya yanzu. Na bi wannan hanya da Passat ɗina mai irin injinka a nan Gombe, na kuma ɗanɗana kuɗata.

Kamshaf shi ke danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi ya rufe. Tozayen da ke jikin na tsere sun fi na kamfani tsayi da faɗi, sai bawul ya buɗe sosai, ya kuma daɗe a buɗe. A motar da ba ta da turbo wannan babban abu ne, tunda inji da kansa yake zuƙar iska. Mai turbo kuwa ɗura masa ake yi. Injinka bawul 20 gare shi, biyar a kowace silinda, uku na shiga biyu na fita. Ƙofa ba ta yi masa kaɗan ba. Mai ɗurar ne ƙarami.

K03 ake kiran turbon nan, kuma da gangan aka yi shi ƙarami don ya farka da wuri. Shi ya sa tun allurar da ke nuna juyin inji a minti ba ta kai 2,000 ba kake jin motar ta cika maka ƙafa. Amma da ta wuce 5,500 ya soma gajiya, iskar da yake turowa ta ragu kuma ta yi zafi. Kamshaf na tsere kuwa daga nan ne yake fara nuna amfaninsa. Ka ga an yi saɓani ke nan: ka sayar da ƙarfin ƙasa da kake amfani da shi kullum, ka sayi na sama inda turbonka ba ya iya raka ka.

Akwai kuma abin da mai talla ba zai faɗa maka ba. A kowane zagaye akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, kamshaf na tsere kuma yana tsawaita shi. Hayaƙin inji ne ke juya turbo, ƙaramin turbo kuwa yana tare hayaƙin a bayansa, har matsin hayaƙin ya fi na iskar da ke shigowa. Da ƙofofin biyu sun buɗe, sai hayaƙi mai zafi ya komo cikin silinda. Mai ya riƙa kamawa kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, kwamfutar motar ta ja tartsatsin fulogi baya don ta tsare fistin, ƙarfi ya faɗi. Ka haɗa wannan da zafin Gombe a watan Afrilu, lokacin da ake kaiwa digiri 40, da kuma fetur iri ɗaya tak da ake sayar mana, alhali a Turai mai mota yana zaɓar lamba 95 ko 98, lambar da ke nuna jurewar mai ga kamawa da wuri.

Da na saka nawa, abin da ya fara tafiya shi ne silo, wato aikin inji in mota tana tsaye. Mota ta riƙa karkarwa a tsaye, in na kunna AC a cunkoson Tashar Dukku sai ta nemi mutuwa. Birki ya yi tauri, domin zuƙar da inji ke yi a silo ita ke tallafa masa, kuma ta ragu. Shan mai ya ƙaru. Ranar da na yanke shawarar cire shi, ina bayan tirelar siminti a hanyar Bajoga, giya huɗu, allura a 2,500. Na leƙa, hanya ta buɗe, na fita na taka. Shiru. Motar da a da take fizgewa nan take sai da ta kai wajen 3,500 kafin ta amsa, ga kuma wata ta ɓullo daga nesa. Na koma bayan tirelar gabana yana faɗuwa, iyalina suna ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da muka gano wajen mayar da na asali. Wani dattijon bakanike ya toshe hanyar iska, ya hura mata iska da famfo, ya bi robobin da ruwan sabulu. Ƙarƙashin intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, sai ga kumfa tana tashi daga wata tsaga da ba ta kai tsawon farce ba. Wannan tsagar ce ta kashe wa motar jiki tun farko, har na ɗauka kamshaf take buƙata. Roba ɗaya da kilif.

Don haka ka fara da lafiyar motar. A gwada yoyon iska yadda na faɗa, a duba bawul ɗin da ke mayar da iska in ka ɗaga ƙafa, da na'urar auna iska da ke kusa da iyakilina, da koyil da fulogi. Intakular tana bayan bamba a gefe, ƙurar hunturu da laka suna toshe ta, a ciro a wanke. Belin tayimin in ba ka san ranar da aka sa shi ba, ka canza, don in ya tsinke a injin nan fistin zai daki bawul. Bakin mai kuma sai mai kyau, 5W-40, kada a ja lokacin juye.

Bayan nan, in kana son ƙarfi, a gyara lissafin kwamfutar. Injin da ya fito da ƙarfin doki 150 yana kusantar 190 ba tare da an kwance noti ɗaya a kansa ba. Sharaɗi: ka gaya wa mai aikin irin man da muke sha, kada ya ɗora maka lissafin da aka yi don 98. Ka kuma shirya wa kuloci, tsoho yana iya fara sulɓewa. Ka dubi Audi TT mai doki 225, wannan injin ne dai, babban abin da aka canza shi ne turbo ya zama K04, intakula ta zama biyu, aka rage matsin fistin. Kamshaf sai an sa turbon da ya fi wannan ma girma, da injekta da famfon mai da za su ciyar da shi, sannan maganarsa take tasowa.

In kuma ka riga ka biya, to kada a saka ba tare da sifirin da ya dace da shi ba. Akwai sarƙa a bayan kan injin da ta haɗa kamshaf biyun, dole a ƙirga rola 16 tsakanin alamomin. A juya injin da hannu zagaye biyu kafin a taɓa makulli. Tsofaffin kuma ka shafe su da mai ka nannaɗe ka ajiye, kada ka bar su a gareji.

Ka duba haruffa ukun lambar injinka, AGU ne ko AUM, ka turo mana tare da nisan da motar ta ci. Ka kuma faɗa mana a ina kake jin ta gaza, wajen tashi ne ko sai ta yi nisa da gudu.