Ina aikin gwamnati, ina dillancin filaye a gefe: takardar mai unguwa ta isa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha a Kano, shekara 11 ina aiki, albashin kuwa ba ya kai mu 20 ga wata. Wani abokina dillali ya ce in riƙa kawo masa masu saye daga ofis yana ba ni la'ada. Abokan aikina 4 sun sayi fuloti ta hannuna a wani awon igiya da ke hanyar Gwarzo, ni ma na zuba kuɗin adashena na sayi 2. Kowa an ba shi takarda da hatimin mai unguwa. Yanzu ana raɗe-raɗin wai gonar ta gado ce, ba a raba ba. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Shin takardar nan ba ta isa ba? Kuma aikina yana cikin haɗari?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya yaye maka wannan damuwa. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce gajeruwa.

Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa. Noma kaɗai aka toge. Sayen fili da guminka, ka ajiye, ka sayar in ya yi daraja, ba laifi ba ne, muddin ka rubuta shi a fom ɗin bayyana kadarori. Amma ka zama ɗan kamasho mai karɓar la'ada a kai a kai, kana tallar fuloti a teburin ofis, wannan sana'a ce. Kada ka ce mini kowa yana yi. Kowa yana yi ne har ranar da wani ya rubuta takardar ƙorafi, kuma mai rubuta ta galibi abokin aikin da kuɗinsa ya maƙale ne. Wanda ke aiki a kamfani mai zaman kansa, shi takardar ɗaukarsa aiki zai duba. Kai dai ka dakatar da karɓar la'ada tun yau.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu makon da zai wuce wani bai shigo ofishina da takarda a leda ba, ya shimfiɗa ta a kan tebur yana nuna mini hatimi da yatsa: "Barista, ai ga sa hannun mai unguwa nan, har dagaci ya buga." To sai me? Mai unguwa shaida ne. Ya ga wane ya miƙa kuɗi, wane ya karɓa. Iyakar abin da takardarsa ke faɗa ke nan. Ba ta ce wanda ya sayar shi ne mai filin ba, kuma ba ta da ikon faɗar haka. Ina girmama iyayenmu masu unguwanni, da yawansu sun san tarihin kowace gona a yankinsu fiye da duk wani fayil. Amma tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. A cikin birni gwamna ke ba da izinin zama a ƙasa, a karkara kuwa ƙaramar hukuma. Ka karanta dokar daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka ba hatimin mai unguwa ikon mallaka wa mutum fili ba.

Har wanda ke riƙe da takardar gwamnati, wadda kowa ke kira C of O, sashe na 22 na dokar ya ce ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da sahalewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka ƙulla ba bisa wannan ƙa'ida ba rusasshe ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da bankin Savannah ya karɓa daga hannun wani mai suna Ajilo saboda rashin wannan sahalewa. Banki fa, da lauyoyinsa. To ina ga takardar da aka buga a shagon kwamfuta na bakin titi?

Shekarun baya wata ma'aikaciyar jinya ta zo mini. Shekara 3 tana zubi ta sayi fuloti ta hannun wani da suke aiki tare. Ranar da ta kai tifar yashi, ta tarar an riga an haƙa fandisho. Da muka zauna sulhu, mutum 3 ne suka fito da takarda a kan fuloti ɗaya, hatimi iri ɗaya, shaidu biyu daga ciki ma mutane ɗaya ne. Dillalin ya kashe waya. Wanda ta riƙe wa wuya shi ne abokin aikin nan nata, wanda la'adar da ya ci ba ta kai kuɗin buhun shinkafa 2 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka gane inda na dosa: mutanenka 4 ba su san dillalin ba, fuskarka suka saya.

'Yan ka-yi-na-yi suna da wata magana da ke ba ni haushi: "Ka saya kawai, daga baya ka yi takardun gwamnati." Takardar gwamnati ba sabulu ba ce, ba ta wanke cinikin da tun tushe ya lalace. Kotuna sun sha soke C of O da aka bayar a kan filin da ke da mai shi. Suna kuma cewa ko gwamnati ta karɓe za a biya diyya. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa diyyar gini da shuka da abin da aka inganta a ƙasa yake magana, fili fetal ba a biyan ka kuɗin da ka saye shi. Awon igiya kuwa ba a tambayi hukumar tsara birni ba kafin a ja igiyar, saboda haka fulotinka na iya faɗawa kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ranar da aka zo da jan fenti babu mai sauraron hatimi. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya shafi har masu riƙe da takardun gwamnatin da ta gabata.

Ba na cewa laifin talaka ne kaɗai. Wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur, yau oga ba ya nan, gobe a dawo, ya san abin da ke kora mutane wurin mai unguwa, inda ake gamawa kafin la'asar. Amma wahalar layi a ofishin rajistar filaye na gwamnati, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ba ta kai ta shekara 5 a kotu ba.

Maganar gado ita ce mafi hatsari a lamarinka. Idan ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa mata, balle na marayu, ko da shi ke noma gonar shekara 20. Mace ɗaya da ke aure a wani gari ta isa ta tayar da cinikin gaba ɗaya, kuma haƙƙinta take nema.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka je wurin magadan da ƙafarka, ban da dillalin. Ka tambayi su nawa ne, wa ya sa hannu, wa bai sani ba, kuma ko akwai takardar rabon gado daga kotun shari'a. Idan an raba, kuma wanda ya sayar kasonsa ya sayar, hankalinka ya ɗan kwanta, sai ku ɗauki safiyo ya fitar da awon wurin a duba shi a ofishin filaye. Idan ba a raba ba, ku nemi zama da dukkan magada a gaban alƙali ko lauya, ko dai su amince da cinikin a rubuce a cire shi daga kason wanda ya sayar, ko a dawo muku da kuɗinku. Kafin nan kada kowa ya zuba bulo ko ɗaya, kada kuma a biya cikon kuɗi. Ka tattara shaidar duk abin da aka tura ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba.

Abokan aikin naka kuwa, ka tara su ka faɗa musu da bakinka kafin su ji a gari. Ka rubuta nawa ka karɓa na la'ada a kan kowane fuloti, ka ware kuɗin gefe guda, domin in zama ya kai ga mayar da kuɗi, naka za a fara tambaya.