Tikitin Tsallake Layi a Disney da Universal: Yaushe Yake Tsada, Yaushe Yake Araha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigida muna shirin kai yaranmu uku Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka, su ga wuraren wasan Disney da Universal. Babban yana da shekara 13, mai bi masa 9, autar kuma 4. Ƙanwata da ke zaune a can ta ce lallai bayan tikitin shiga sai mun sayi wani tikitin na tsallake layi, in ba haka ba a tsaye za mu wuni. Na duba a intanet, sai na ga kuɗinsa ba ya zama wuri ɗaya, na wannan rana daban, na waccan daban, wani har ya ninka wani. Lokaci biyu kawai muke da shi, dogon hutun Agusta ko hutun Disamba. Wanne ya fi sauƙi, kuma dole ne sai mun saya? (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran, ya kai ku lafiya. Ku tafi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, kafin a koma makaranta. A wannan lokacin tikitin yana kan farashinsa mafi sauƙi, kuma a yawancin ranakun ma ba za ku buƙace shi ba. Maganar ƙanwarki gaskiya ce, amma gaskiyar Disamba ce.

Kowane lilo, wato abin wasan da ake hawa, yana da adadin mutanen da zai iya ɗauka a awa ɗaya, kuma wannan adadin ba ya ƙaruwa don jama'a sun yi yawa. Duk wanda ya bi ta gajeren layi, kujerar wani na dogon layi ya ɗauka. Shi ya sa kamfanonin ba sa sayar da tikitin barkatai. Suna ƙayyade yawansa, kuma da farashi suke tace masu saye. Ranar da suka san jama'a za su cika wurin sai su ɗaga, ranar da ba kowa sai su sauke. Kamar kuɗin mota ne a tasha ranar jajibirin sallah: motar ita ce dai, hanyar ita ce dai, fasinja ne suka yi yawa. Don haka idan kika ga farashin wata rana ya yi sama, kamfanin ne da kansa yake gaya miki cewa ranar za a yi cunkoso.

A Disney wannan abu a da kyauta ne. A 1999 suka fito da FastPass, mutum ya karɓi takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo ya hau ba tare da jira ba, ko sisi ba ya biya. An dakatar da shi lokacin annobar korona a 2020. A watan Oktoba na 2021 suka kawo Genie+ a kan dala 15 kowane mutum a rana, kowace rana farashi ɗaya. Bayan shekara guda suka koma sauya farashin daidai da rana. A makon Ista na 2023 ya kai dala 35, a Kirsimetin wannan shekarar ya kai dala 39. A ranar 24 ga Yuli, 2024 aka sake masa suna da tsari, ya zama Lightning Lane da kike gani yanzu. Ni dai har yau wannan sauyi bai kwanta mini ba, domin mai iyali da yawa ne yake ɗaukar nauyinsa, shi kuwa ba shi da zaɓin ranar tafiya sai lokacin da makaranta ta ba da hutu.

Lightning Lane kashi uku ne, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Multi Pass shi ne na gama-gari: ki zaɓi lilo uku tun kafin ranar, kowanne da lokacinsa na awa ɗaya, da zarar kin yi amfani da na farko sai ki ƙara zaɓar wani a manhajar waya, in da saura. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana iya saye kwana 7 kafin isowarsa, sauran jama'a kwana 3 kafin ranar, ana buɗewa da ƙarfe 7 na safe agogon Fulorida. Kuɗinsa ya danganta da rana da kuma wurin da za ki shiga cikin wuraren wasa huɗu na Disney, wato Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Magic Kingdom ya fi tsada, Animal Kingdom ya fi araha. A lokacin sauƙi na Animal Kingdom kan sauka ƙasa da dala 20, na Magic Kingdom dala 20 da wani abu. A makon Kirsimetin 2024 kuwa na Magic Kingdom ya kai wajen dala 40. Sai Single Pass, wanda ake saya daban don manyan lilon da aka cire daga Multi Pass, irin su TRON da Seven Dwarfs Mine Train a Magic Kingdom, Rise of the Resistance a Hollywood Studios, Cosmic Rewind a EPCOT, da Flight of Passage a Animal Kingdom. Na uku shi ne Premier Pass, wanda aka fara sayarwa a ƙarshen Oktoban 2024: babu zaɓen lokaci, ki hau kowane lilo sau ɗaya duk sa'ad da kika ga dama. An buɗe shi a kan dala 129 zuwa 199 a Animal Kingdom, dala 329 zuwa 449 a Magic Kingdom, kowane mutum, rana ɗaya, wuri ɗaya. Ku biyar a ranar tsada dala 2,245 ke nan, ban da tikitin shiga, ban da harajin kashi 6.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai. Wannan ki bar shi kawai.

Kalandar makarantun Amurka ita ce ke juya farashin. Makon da ya fi kowane tsada a shekara shi ne daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Sai makon bikin godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Sai hutun makarantu na Maris zuwa tsakiyar Afrilu, musamman makon Ista. Akwai kuma ƙarshen mako mai haɗe da hutun Litinin: ta uku a Janairu, ta uku a Fabrairu, ta biyu a Oktoba. Oktoba ma a 'yan shekarun nan ya zama watan cunkoso, saboda zafi ya ragu, makarantu da dama suna ba da ɗan hutu, ga bukukuwan Halloween. Yuni da Yuli, duk da yara suna hutu, sukan tsaya tsaka-tsaki, don zafin Fulorida yana korar mutane da yawa.

Sauƙin yana farawa ne daga tsakiyar Agusta. Makarantun Fulorida da jihohin kudu sukan koma wajen 10 ga watan, na arewa kuma bayan Ranar Ma'aikata, wato Litinin ta farko a Satumba. Daga nan har ƙarshen Satumba layuka sukan yi gajeru, kuma tikitin shiga da kuɗin otal duk suna sauka tare. A nan ne kika yi sa'a, Hajiya: dogon hutunmu na Najeriya yana kaiwa har cikin Satumba, wato yaranki suna hutu a daidai lokacin da yaran Amurka suke aji. Hutun Disamba kuwa akasin haka ne. Makonni biyun farko na watan ba su da laifi, amma makarantunmu ba sa rufewa sai wajen tsakiyarsa, kafin ku isa kun faɗa tsakiyar tururuwa.

Akwai abin da ba a cika gaya wa masu saye ba. A ranar tsada kuɗi ya fi yawa, amfanin kuma ya fi kaɗan. Multi Pass bai ba ki tabbacin kowane lilo ba, damar zaɓe kawai ya ba ki daga abin da ya rage. A makon Kirsimeti lokutan manyan lilo sukan ƙare tun kafin ranar, masu otal ɗin Disney sun riga sun kwashe, kuma bayan ukun farko abin da za ki samu sai ƙananan da ma ba su da layi sosai, ko lokacin da ya kai dare. Amma kuma idan ba ki saya ba, jiran awa biyu a kan lilo ɗaya ba abin mamaki ba ne a wannan makon. A Satumba kuwa da kuɗi kaɗan za ki yi ta zaɓe ɗaya bayan ɗaya har yamma.

Arahar tana da nata wahalar, kada in ɓoye miki. Zafi yana kaiwa digiri 33 ko fiye, ga gumi mai danƙo wanda ba irin na Kaduna ba. Kusan kullum da rana akan yi ruwa da tsawa, kuma da zarar an ga walƙiya kusa sai a tsayar da lilon da ke waje. Lokacin mahaukaciyar guguwa ne kuma, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ƙarfinsa ya fi yawa wajen Satumba. Guguwar Ian ta sa Disney ta rufe kwana biyu a ƙarshen Satumban 2022, Milton ma ta sa an rufe a Oktoban 2024. Ba kowace shekara ake haka ba, amma ki sayi tikitin jirgi da ɗakin otal waɗanda za a iya sauya musu rana, ki kuma bar kwana ɗaya a cikin tafiyar ba tare da shiri ba.

Universal tsarinsu ya fi sauƙin fahimta, ya kuma fi tsada. Express Pass ba ya buƙatar zaɓen lokaci, nuna shi kawai za ki yi ki shige. Iri biyu ne, mai hawa sau ɗaya a kowane lilo da mai hawa ba iyaka. A ranakun sauƙi yana farawa wajen dala 100, a Kirsimeti mara iyakan yana haura dala 300 kowane mutum. Farashin rana ɗaya ma yana iya ƙaruwa yayin da ranar take matsowa, kuma yakan ƙare. To in da Disamba za ki je, da na ce ki saya da wuri. A ƙarshen Agusta kuwa kada ki saya daga gida. Ku shiga tukuna, ki duba tsawon layuka a manhajarsu zuwa hantsi, idan kin ga abin ya fi ƙarfinku a cikin wurin ma ana sayarwa.

Ga wata hanya da ta dace da iyali irin naku. Otal uku na Universal, wato Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke ɗakin Express mara iyaka kyauta, tun daga ranar shiga har ranar fita. Kwana ɗaya a otal, wuni biyu na tsallake layi ke nan, kuma ɗaki yana ɗaukar har mutum biyar. Ki lissafa kuɗin tikiti biyar na wuni biyu, ki gwada da kuɗin ɗakin. Sau da yawa ɗakin ne yake fin sauƙi. Sai dai wannan kyautar a wuraren wasansu biyu, Universal Studios Florida da Islands of Adventure, take aiki. Ba ta shafi Epic Universe ba, sabon wurin da aka buɗe ranar 22 ga Mayu, 2025, shi nasa Express ɗin daban ake saya. Ba ta kuma shafi taron dare na Halloween Horror Nights ba, wanda dama ba na yara ba ne.

Kafin ki biya wa autar komai, ki auna tsawonta da takalmi a ƙafarta. Seven Dwarfs Mine Train yana buƙatar santimita 97, Space Mountain da Flight of Passage 112, TRON 122, VelociCoaster na Universal 130. Ba sa sassauci ko da ɗan yatsa ne. Yarinyar shekara 4 ba za ta hau yawancin waɗannan ba, don haka Single Pass nata asara ne. Duka kamfanonin biyu suna da tsarin musanya: maigida ya hau da manyan, ke ki tsaya da ita, idan sun fito ki shiga ba tare da sake bin dogon layi ba. Kyauta ne, ki tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa.

Ga yadda zan tsara muku. Multi Pass a wuri biyu kawai, Magic Kingdom da Hollywood Studios, don su ne suke da lilo masu layi da yawa. EPCOT da Animal Kingdom ku shiga haka nan, in yaran sun matsa a saya wa manyan biyu da mai raka su Single Pass ɗaya. Kullum ku kasance a bakin ƙofa minti 45 kafin a buɗe. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma a awa biyun farko za ku hau abin da masu zuwa da rana za su wuni suna jira. Da azahar ku koma masauki ku yi salla, yara su huta, zafi da ruwan su wuce, ku dawo da la'asar sakaliya.

Ki kuma duba kalandar Magic Kingdom. Tun daga Agusta suke fara bikin Halloween na dare, wasu ranaku a mako, kuma a waɗannan ranakun ana sallamar masu tikitin rana da ƙarfe 6 na yamma. Mutane da yawa suna guje musu saboda gajartar wuni, sai wurin ya zama sakayau tun safe. Idan kika zaɓi irin wannan ranar, Multi Pass ɗin ma za ki iya haƙura da shi. Abin da za ku rasa shi ne wasan wutar dare, wanda ake iya hangowa daga bakin tafkin da ke gaban wurin.

Lokacin da aka fara Lightning Lane a 2024, manhajar ba ta barin wanda ke wajen Amurka da Kanada ya saya sai ya sauka a ƙasar. Tun kina Kaduna ki sauke manhajar, wato My Disney Experience, ki haɗa tikitin kowa da kowa a ciki, ki gwada. Idan ta ƙi, ki ba ƙanwarki damar shiga asusun ta saya muku daga can, ko ki sa ranar Magic Kingdom ta zama kwana uku bayan isowarku.