Kafin ka ɗauki akwatin kayan aiki zuwa Garwa

Wani ɗan'uwa daga Mubi, mai gyaran manyan janareto da takardar difloma a hannu, ya rubuto cewa wani kamfani a Garwa, arewacin Kamaru, ya yi masa tayin aiki da albashin sefa 300,000 a wata. Maigidan ya ce masa ya zo ya fara, maganar takardu daga baya. Yana tambaya ko ya tafi.

Malam, Allah ya sanya alheri. Amma kada ka taɓa ko sifana sai an buga wa kwantiraginka hatimi. A Kamaru izinin aikin baƙo a jikin kwantiragin yake. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992, sashe na 27, ta ce kwantiragin baƙo sai minista ya amince da shi kafin a fara aiki, kuma mai ɗaukar aikin ne zai nema, ba kai ba. Idan aka ƙi, kwantiragin ya zama kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Idan kuwa wata biyu suka wuce da karɓar takardun ba a ce komai ba, doka ta ɗauka an amince. Shi ya sa takardar shaidar ajiye dosiye (tarin takardun neman amincewar), mai kwanan wata, take da daraja ƙwarai. Ka nemi kwafinta ka adana. Ma'aikatar samar da aikin yi da koyar da sana'a, MINEFOP, ita ke wannan aiki a Yawunde, kuma tana da ofishi a Garwa inda za ka iya tambaya da bakinka.

Abin da zai fito daga wajenka ba shi da yawa: fasfo mai sauran kwana, kwafin difloma da shaidar wuraren da ka yi aiki, tarihin aikinka a rubuce, da takardar likita wadda ba ta wuce wata uku ba. Ingilishi harshen hukuma ne a Kamaru, amma a arewacin ƙasar Faransanci ake aiki da shi, don haka fassara takardun tana rage maka jeka-ka-dawo. Ka duba sunanka da kyau. Mutum ya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a difloma, Mahamat a kwantiragi, wannan kaɗai ya isa a maido da dosiye.

Inda aka fi faɗuwa shi ne matsayin da aka rubuta maka. Wata doka ta 1993 ta hana ba baƙo aikin lebura ko na ma'aikaci na gama-gari, sai da shaidar cewa an rasa ɗan ƙasa da zai yi shi. Wasu masu kamfani kan rubuta ƙwararre a ƙaramin matsayi don su rage abin da za su biya hukuma, sai hakan ya jawo a ƙi takardar, ko a amince amma haƙƙinka ya tsaya a kan ƙaramin albashi. Ka nace a rubuta ainihin gwanintarka, irin injinan da ka iya da girmansu, da cikakken albashi. Dokar kasafin kuɗi ta 2023 ta sa kuɗin hatimin: albashin wata biyu ga wanda ba ɗan Afirka ba, na wata ɗaya da rangwamen rabi ga ɗan Afirka. A lissafinka sefa 150,000 ke nan. Kasafi kan sauya kowace shekara, sai a tabbatar da adadin a ofis, kuma a rubuta cewa kamfani ne zai biya, kada a riƙa zabge shi daga albashinka.

Sai shigowa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Chadi. Ɗan Najeriya na shiga ba biza har kwana 90, amma wannan izinin ziyara ne kawai. Ka bi ta kan iyaka ta hukuma, a buga maka hatimin shiga, ka riƙe katin rigakafin shawara. Na san babur ta daji ya fi sauƙi da araha, to amma ranar neman katin zama za a tambaye ka ta ina ka shigo da yaushe. Katin zama kuwa, 'yan sanda ke bayar da shi, yana shekara biyu, kuma kwantiragi mai hatimi shi ne hujjarka. Sabunta kwantiragin ma sai da sabon hatimi, don haka a fara shiri wata uku kafin ya ƙare. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka, kwafi za ka ba ofis.

Idan ka fara, ka tabbatar an yi maka rajista a asusun CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta Kamaru, ka san lambarka. Ana cire kashi 4.2 cikin ɗari na albashinka don fansho, kamfani ya ƙara nasa. Aikinka na wuta ne da man gas, ranar da hatsari ya afku wannan rajistar ce za ta tsaya maka. Ka karɓi takardar albashi duk wata, ko da hannu da hannu ake biyanka, don idan rigima ta taso ita sufeton ƙwadago zai fara nema.

Iyali kuwa, a bar su a Mubi tukuna har katin zamanka ya fito. Ka bar wa uwargida ko Baba kwafin fasfo da kwantiragi da adireshin wurin aikin. Ka yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya a Yawunde, ko ƙananan ofisoshinsa na Duwala da Buya. Idan lokacin ɗauko su ya yi, za a buƙaci takardar aure ta hukuma da takardun haihuwar yara, sai ka fara haɗa su tun kana gida.