Tambaya da Amsa: Yaya Ake Tantance Fasahar da Ƙasa Ke Buƙata Don Tunkarar Sauyin Yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakataren wata ƙungiyar manoman rani ne a bakin kogin Galma. An gayyace mu taro a kan sauyin yanayi, aka ce mu zo da buƙatunmu na fasaha don a haɗa da na ƙasa baki ɗaya. Mun zauna mun rubuta injin ban ruwa na sola guda ɗari, tarakta biyu, da ɗakin sanyi na ajiye tumatir. Shin haka ake yi? Kuma wa ke yanke hukuncin cewa wannan fasaha ta fi waccan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Abin da kuka rubuta jerin sayayya ne, kuma da wuya irin wannan takarda ta wuce teburin farko. Masu tantancewa ba daga inji suke farawa ba. Daga matsala suke farawa, sannan su nemi dalilin da ya sa maganin da aka daɗe da sani bai yaɗu ba.

Wannan aiki yana da tsari sananne. An amince da shi a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Marrakesh ta ƙasar Maroko a 2001, aka ƙara masa ƙarfi a taron Poznan ta ƙasar Poland na 2008. Asusun kula da muhalli na duniya (GEF) ke ba da kuɗin, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNEP) na jagorantar ƙasashe, amma ƙasar da abin ya shafa ita ke zaɓa wa kanta. A Nijeriya, Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta kafa majalisar ƙasa mai kula da waɗannan al'amura. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta yi alkawarin rage hayaƙi mai ɗumama duniya da kashi 20 cikin ɗari nan da 2030 da ƙarfin aljihunta, ko kashi 47 idan ta samu tallafin waje. Duk buƙatar da kuka kai, za a duba ta ne ta fuska biyu: tana rage hayaƙi, ko tana taimaka wa mutane su jure wa fari, ambaliya da zafi? Injin sola yana da sa'a, don ya shiga duka biyun.

Matakin farko shi ne zaɓen ɓangarori, kamar noma, ruwa da makamashi, sannan a tara fasahohi goma zuwa sha biyar a kowane ɓangare. Kowace sai a yi mata takardar bayani ta shafi ɗaya ko biyu: kuɗin saye, kuɗin gudanarwa a shekara, tsawon ranta, mutum nawa za ta amfana, da ko akwai mai gyara a kusa. Daga nan sai masu ruwa da tsaki su zauna su ba da maki.

A nan amsar tambayarka ta biyu take. Ana ware ma'aunai, a raba musu maki ɗari gwargwadon muhimmancinsu. A ce tsada 25, kariya daga fari 25, samar da aikin yi 20, sauƙin gyara 20, rage hayaƙi 10. Sai a auna kowace fasaha da kowane ma'auni, a ninka, a tara. Lissafin kansa ɗan firamare zai iya. Rigimar tana wajen rabon makin nan ɗari. Idan ɗakin taro ya cika da injiniyoyi da daraktoci, "sauƙin gyara" zai tashi da maki biyar, sai inji mafi tsada ya zo na ɗaya. Idan akwai manoma da kanikawa da matan da ke busar da tumatir da kuɓewa, jerin zai kife. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a sake lissafi bayan an ɗan matsar da makin, a ɗauke goma daga nan a kai can. Fasahar da ta zauna cikin ukun farko duk yadda aka juya, ita ce buƙata ta gaske. Wadda ta faɗi ƙasa da an taɓa ma'auni guda, ra'ayin wani ce kawai. Idan kun je taron, a kan wannan rabo ya kamata ku ɗaga murya.

Yanzu mu ɗauki injinku na sola mu yi masa abin da mai tantancewa zai yi. "Guda ɗari" ba ta faɗi komai ba sai an san girmansa. Hekta ɗaya ta tumatir ko albasa a tsakiyar bazara tana shan kusan milimita 6 na ruwa a rana, wato lita 60,000. Da yake ban ruwan kwari ko na fangali yana ɓarar da kusan rabi a hanya, sai an ɗago wajen lita 100,000. Idan ruwan yana kusa, kamar a fadama, inda tsayin ɗagowa duka da gogayyar tiyo bai wuce mita 10 ba, aikin yana cin kusan kilowat-awa 2.7. Famfo da injinsa ba sa mayar da ko rabin wutar da suka sha zuwa ruwa, don haka a ce kilowat-awa 6. A raba da awa biyar na cikakkiyar rana, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura, za a tashi da kilowat ɗaya da rabi: farantin sola uku masu wat 500. To amma idan gonar tana tudu, ana jawo ruwa daga rijiyar burtsatse da tsayin mita 40, farantai goma sha biyu ake buƙata don wannan hekta ɗin dai. Kun ga ke nan membobinku na bakin kogi da na kan tudu ba inji ɗaya suke nema ba.

Sai abin da ke kashe irin waɗannan injuna. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan faranti ta rage wuta, kuma a daidai lokacin ne ake dashe; in ba a wanke kowane 'yan kwanaki ba, manomi zai ce injin ya mutu alhali datti ne. Yashi yana cinye fankar famfo idan ba a sa mataci a bakin tiyo ba. Idan ruwa ya ja baya famfo ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙonewa zai yi, sai dai in yana da na'urar da ke kashe shi da kanta. Ga ɓarayi. Ga kuma wata illa da ba a cika faɗa ba: mai injin fetur yana kashewa saboda tsadar mai, mai sola kuwa ba abin da zai hana shi barin ruwa na zuba har la'asar. Injuna ɗari a fadama guda ba tare da yarjejeniyar rabon ruwa ba, kafin watan Afrilu na ƙasa za su fara rigima da na sama.

Wannan binciken shi ne mataki na biyu, wato gano shingayen da suka hana fasaha yaɗuwa, kuma a ganinmu shi ne zuciyar aikin. A kan raba fasaha gida uku: ƙarfen kansa, ilimin sarrafa shi, da tsarin da ke riƙe da shi, kamar rance, haraji, garanti da ƙungiya. A ƙasarmu ƙarfe ne mafi sauƙin samu. Zariya ta isa shaida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ, da wake na SAMPEA, da gyaɗa ta SAMNUT, cikinsu har da masarar da ke nuna cikin kwana 80 zuwa 95, wadda ke tsere wa ɗaukewar ruwa da wuri. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS tana nan, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika. Duk da haka za ka tarar da manomi a Giwa ko Soba, tafiyar ƙasa da awa guda, yana shuka irin da ya gada. Fasahar ta samu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ingantaccen iri a shagon ƙauye kafin ruwan shuka, da malamin gona da zai gaya masa cewa irin aure ba a maimaita shi, da hasashen damina na hukumar hasashen yanayi ta NiMet cikin harshen da yake ji. Idan rahoto ya ce "muna buƙatar iri mai jure fari" ya tsaya nan, za a sake kashe kuɗi a kan abin da yake cikin sito.

Ɗakin sanyinku ma haka. Ɗanyen tumatir ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 zuwa 12. In sanyin ya fi haka tsanani sai ya ƙi nuna da kyau, ya lalace bayan an fito da shi. Sannan wa zai biya kuɗin gudanar da ɗakin a watannin da babu kaya? Kafin ku nemi gini, ku sa kwandon roba mai hawa kan juna a jerinku. Ɓarna mai yawa tana faruwa ne a cikin kwandon kaba, inda na sama ke murƙushe na ƙasa a bayan mota, kuma da kuɗin ɗaki guda za a sayi kwanduna masu yawan gaske. Tarakta kuwa, sai kun nuna alaƙarta da sauyin yanayi, misali gaggauta huɗa saboda damina na makara; in ba haka ba, wata ƙofar ya kamata ku kai ta.

Mataki na uku shi ne tsara shirin aiwatarwa: me za a yi, wa zai yi, yaushe, nawa, kuma daga wane asusu. Daga cikinsa ake ciro takardun neman kuɗi zuwa wurare irin su GCF, asusun duniya mai tallafa wa ayyukan sauyin yanayi.

Don haka ku sake takardarku kafin ranar taro. Ku rubuta yawan hektocin membobi, ku raba na fadama da na tudu. Ku auna zurfin ruwa a rijiyoyinku a watan Disamba da kuma Afrilu. Ku fitar da litar fetur da hekta guda ke ci daga dashe zuwa tsinka ta ƙarshe, domin da ita za a lissafa hayaƙin da za a rage da kuma shekarun da injin zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Ku faɗi nawa manomi zai iya biya bayan kowace kaka idan an ba shi bashi, da matasa nawa za ku tura koyon gyara, da dokar rabon ruwan da kuka amince da ita a tsakaninku. Ku tafi da mata biyu ko uku daga cikin masu sarrafa amfanin gona, da bakanike guda, ku nemi a sa sunayensu cikin masu ba da maki.