Ta Yaya Manhajar Bita Za Ta San Katin Da Ya Kamata A Duba Yau?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kwamfuta ne a Zariya. Na haɗa wa ƙannena masu shirin JAMB wata 'yar manhaja ta waya: kati ne, gaba tambaya, baya amsa. Sai dai katunan a hautsine suke fitowa, wanda suka iya da wanda ba su iya ba duk ɗaya. Yaya zan sa ta zaɓo wanda ya dace?

Amsa: Madalla da wannan aiki, ƙanena. Abin da kake nema shi ne bita mai tazara. Duk wanda ya taɓa hadda ya san shi: sabon shafi kullum ake tilawarsa, izifin da ya zauna kuwa sai jefi-jefi. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa, ya nuna mantuwa tana da sauri a farko sannan ta lafa.

Shawarata ka fara da SM-2, lissafin da Piotr Woźniak ɗan ƙasar Poland ya fitar a 1987 don manhajarsa SuperMemo. Tsoho ne, amma gajere ne, kuma a kansa aka gina Anki, wata sananniyar manhajar bita da katuna. Kowane kati zai riƙe abu uku: sau nawa a jere aka amsa shi daidai, tazararsa ta kwanaki, da wata lamba da zan kira lambar sauƙi, wadda ke farawa daga 2.5. Ɗalibi ya ga amsa, sai ya ba kansa maki daga 0 zuwa 5. In ya samu 3 ko sama, katin zai dawo bayan kwana 1, karo na biyu bayan kwana 6, daga nan sai a riƙa ninka tsohuwar tazara da lambar sauƙi. Katin da kullum ake ba shi 4 zai tafi haka: kwana 1, 6, 15, 38, 95. In makin bai kai 3 ba, kati ya koma farko, gobe a sake ganinsa.

Ita ma lambar tana motsi. Maki 5 na ƙara mata 0.1, maki 4 ya bar ta yadda take, maki 3 ya rage 0.14. Kada ka yarda ta sauka ƙasa da 1.3, in ba haka ba kati mai wuya zai addabi yaro har ya tsani karatun.

Inda na fi ganin masu haɗa manhaja na tuntuɓe ba a lissafin ba ne, a kwanan wata ne. Ka adana ranar da katin zai dawo a rumbun bayanai na cikin wayar, don komai ya yi aiki ko babu data. Kuma kada sabuwar rana ta fara da 12 na dare, tunda masu jarrabawa da dare suke karatu. Anki ƙarfe 4 na asuba take sauya rana. Sannan ka riƙa rubuta kowace bita: wane kati, yaushe, maki nawa. Yau ba za ka ga amfaninsa ba, amma FSRS, sabon tsarin da Anki ta shigar a 2023, da irin wannan tarihin yake koyon yadda kowane mutum ke mantuwa. Ranar da ka so komawa kansa, kayan aiki na hannunka.

Tambaya: Malam, na yi mako biyu ban buɗe AnkiDroid, wato manhajar Anki ta wayar Android, ba, yanzu kati sama da 400 na jirana. In goge in sake sabo?

Amsa: A'a, kada ki goge, 'yar'uwa, tarihin karatunki ne zai tafi. Ki shiga saitin tarin katunan, ki mai da adadin sababbin kati zuwa 0, ki riƙa cin bashin 50 ko 60 a kullum. Da yawansu za ki tarar ba ki manta ba, kuma manhajar za ta ba su tazara mai tsawo saboda jinkirin. Sai bashin ya ƙare ki sake buɗe sababbi, kamar 10 a rana.