Yaron da nake riƙo zai cika 18, an ce za a raba mu

Tambaya: Assalamu alaikum. A Ingila nake zaune, ƙaramar hukuma ta ba ni riƙon wani yaro tun yana ɗan shekara 14. Saura wata biyar ya cika 18. Matan da muke haɗuwa a masallaci sun ce ranar da ya cika za a yanke kuɗin riƙo, a kai shi wani ɗaki shi kaɗai. Wani ɗan'uwansa na nesa ya ce gara ya taho yanzu ya kama aiki a shagonsa. Yaron har ya fara haɗa kaya, ni kuwa barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki sa shi ya kwance kayan nan. Kada ya bar gidanki kafin ranar.

Wannan magana ta "da ya cika 18 shi ke nan" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, kuma daga bakin mutanen da ba su taɓa zama a taron duba lamarin yaro ba. Tun 2014 doka ta kafa tsarin da ake kira Staying Put: yaron riƙo zai iya ci gaba da zama a gidan mai riƙonsa har shekara 21, muddin ku biyun kun amince, kuma wajibi ne ƙaramar hukuma ta tallafa, har da kuɗi. Amma sharaɗin shi ne ya fita daga hannun hukuma, wato ranar da ya cika 18, yana gidanki. Idan ya tattara ya koma shagon nan yau, da ƙafarsa ya fita daga wannan haƙƙi. Nan jita-jitar take yin ɓarna: tsoron a kore shi ne zai sa ya kori kansa. Na ga yara da yawa sun bi irin wannan kira, karatu ya tsaya, ana kwana a kan katifa a bayan shago, ba takardar haya, ba albashi tsayayye. Ranar da suka saɓa da mai shagon sai ka gan su a ofis da jakar leda. Masu ba da shawarar kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu. Ko a kan marayu, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ba balaga kawai ta ambata ba, sai an ga hankali ya zauna kafin a miƙa musu dukiyarsu. To wane ne ya gwada yaron nan ya ga ya isa riƙe kansa?

Abin da matan suka faɗa daidai ɗaya ne: kuɗin zai canza, galibi ya ragu, kuma kowace ƙaramar hukuma da adadinta. Ki nemi a rubuce, yanzu.

Sauran haƙƙinsa na nan. Yana da mai ba shi shawara na musamman har shekara 25, bisa dokar 2017. Idan ya shiga jami'a akwai fam 2,000. Ranar da zai kama gidan kansa akwai kuɗin kayan ɗaki, wanda gwamnati ta ce kada ya gaza fam 3,000.

Su ma ma'aikatan ƙaramar hukumar ban wanke su ba. Tun yana 16 ya kamata a ce an rubuta masa takardar shirin gaba, Pathway Plan, ana duba ta aƙalla duk wata shida. Yaron da ke haɗa kaya saura wata biyar, ai ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ki aika wa ma'aikaciyar hukuma da ke kula da lamarinsa saƙon imel yau, ki ce ke da shi kuna son Staying Put, a sa a cikin takardar. Maganar waya iska ce. Idan suka yi ta jan ƙafa, yana da ikon neman mai tsaya masa mai zaman kansa, kuma ƙungiyar Coram Voice tana wannan aiki kyauta.

Ba ki ambaci takardun izinin zamansa a ƙasar ba. In da saura a kansu, a kai wa lauya ko mai shawara da ke da rajista kafin ya cika 18, kada a bai wa wani "mai hanya" ko sisi. Shi kuma ɗan'uwan, in da gaske yake, ya zo taron da za a yi, ya faɗi albashin da zai biya da inda yaron zai kwana a gaban kowa.